Kwana Shida a Alƙahira da Iyali: Daga Dalar Giza Zuwa Ƙubbar Imam Shafi'i

Mu shida muka je Alƙahira a watan Janairu: ni da maiɗakina, da Hajiya mahaifiyata wadda gwiwa ke damu, da yara uku, mai shekara 13, mai 9, da autarmu mai 5. Na fara da wannan ne saboda duk shawarar da za ta biyo baya da irin wannan ayari na auna ta. Wanda ya je shi kaɗai da jaka a kafaɗa yana iya haɗa wurare huɗu a wuni guda. Mai tsohuwa da ƙananan yara kuwa, babban wuri ɗaya da safe, ƙarami ɗaya bayan la'asar, shi ne iyakar abin da ƙafa za ta ɗauka. Abin da ke ɓata wa iyalai tafiyar Masar yawanci rashin tsari ne: a kwana a gabas, a yi sammako zuwa yamma, a dawo tsakiyar gari da rana, wuni ya ƙare a cikin cunkoson motoci.

Biza daga ofishin jakadancin Masar da ke Abuja ake nemanta, kuma kowane yaro da tasa. Katin rigakafin shawara ma kowa da nasa, har da ƙaramar cikinmu. Daga Kano akwai jirgin EgyptAir da ke zuwa kai tsaye, tafiyar kamar awa biyar. Abu biyu ne mutanenmu ke yawan mantawa. Na farko kayan sanyi: a Disamba da Janairu safiyar Alƙahira tana sauka zuwa wajen digiri 10, ga iska mai ratsa riga a filin Giza, don haka rigar sanyi da safa da hula dole ne ga yara da tsofaffi. Na biyu bakin caja: soket ɗinsu mai ramuka biyu ne zagayayyu, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga, sai da mahaɗi. Ka sayi biyu tun daga gida.

Batun kuɗi ya fi waɗannan muhimmanci. A manyan wuraren tarihi yanzu ba a karɓar tsabar kuɗi a tagar tikiti, sai kati. Na ga iyalai tsaye a bakin ƙofa da fam ɗin Masar cike da aljihu, katinsu ya ƙi aiki, babu shiga. Kafin ka bar gida ka tabbatar da bankinka cewa katinka yana biya a ƙasar waje, ka san iyakar da aka sa masa, kuma ka riƙe na biyu. Tsabar kuɗi kuwa tana da nata aikin: ƙananan takardu na fam 5, 10 da 20 don mai gadin takalma a masallaci, mai kula da banɗaki, da mai ɗaukar kaya. Su kan kira wannan bakshish, kuma ba a wuni ba a buƙace shi ba. Yaran da ba su kai shekara 6 ba ba a biya musu a yawancin wuraren, ɗalibai kuma rabin kuɗi ne idan akwai katin makaranta mai hoto, don haka a zo da katunan yara da kwafin fasfo. Farashin tikiti yana hawa kusan kowace shekara, a duba shi a shafin ma'aikatar yawon buɗe ido da kayan tarihi daf da tafiya.

Masauki mun raba shi biyu, kuma wannan ne ya cece mu: kwana biyu a Giza, kusa da dala, sauran huɗun a tsakiyar gari, unguwar da suke kira Wustul Balad, kusa da dandalin Tahrir. A tsakiyar gari otal-otal masu sauƙin kuɗi da yawa a hawa na huɗu ko na biyar na tsofaffin gine-gine suke. Ka tambaya kafin ka biya ko lif ɗinsu yana aiki, in kana da mai ciwon gwiwa. Mutum shida ba sa shiga ƙaramar mota ɗaya, don haka ko dai Uber biyu, ko ka ɗauki ƙaramar bas da direba na wuni. Lambar motocinsu da alƙaluman Larabci aka rubuta, wanda ya yi makarantar allo ko Islamiyya zai karanta ba wahala, kuma yaronmu mai shekara 9 shi ya riƙa gano mana motarmu a cikin layi.

Dala uku ne manya a Giza, na uba da ɗa da jika: Kufu, Kafra da Menkaura. Bakano da ya ga hotunan dalar gyaɗa yana da siffar a ransa, amma girman sai ya tsaya a gindi. Ta Kufu an gina ta wajen shekara 2560 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tsayinta na asali mita 146, yanzu kamar 138 saboda ƙololuwar da rufin waje sun tafi. Kowane gefe a ƙasa mita 230 ne. Ana ƙiyasta duwatsunta sun kai miliyan 2.3, matsakaicin nauyin kowanne tan biyu da rabi. Layin farko na duwatsun ya kai ƙirjin babban mutum. Ta Kafra takan yi kamar ta fi tsawo, alhali tudun da take kai ne ya ɗaga ta, kuma ita ce har yau take da ragowar farin rufi mai santsi a samanta. Da can mafi yawan rufinsu haka yake, fari tas, da dutsen da ake yankowa a Tura, ƙetaren Kogin Nilu. A shekarar 2013 an gano takardun wani shugaban ma'aikata mai suna Merer a gaɓar Bahar Maliya, inda ya rubuta yadda shi da mutanensa ke jigilar wannan dutse a jiragen ruwa zuwa Giza. An kuma tono garin ma'aikatan a kudu da filin, da gidajen gasa burodinsu da kaburburansu. Wannan ita ce amsar da na ba yara da suka tambayi wa ya ɗora duwatsun.

Tun 2025 babbar ƙofar shiga ta koma kan hanyar Fayyum. A nan motarka za ta tsaya, ka shiga bas ɗin cikin fili mai zagaya tashoshi, ka sauka inda kake so, ka hau na gaba idan ka gama. Ka faɗa wa direba wannan ƙofa da sunanta, don wasu har yanzu tsohuwar hanya suke nufa. Ku isa kafin ƙarfe takwas. Zuwa goma manyan motocin 'yan yawon buɗe ido sun cika wurin, layin bas ya yi tsawo. Filin yashi ne da tsakuwa, keken jariri ba ya tafiya a kai, inuwa kuma sai ta jikin dalar kanta. Hajiya mun samar mata wurin zama a tashar da ake hango dalar uku a jere, kuma daga nan ta ga abin da ya fi kyau a gani.

Shiga cikin dalar Kufu tikiti ne daban, mai tsada, kuma ba na kowa ba ne. Ana shiga ta ramin da ake dangantawa da Halifa Ma'amun, wanda aka fasa a ƙarni na 9. Daga nan sai wata hanya mai hawa, tsawonta kusan mita 40, tsayin rufinta mita 1.2 kacal, a sunkuye ake binta, ana taka katako mai ƙarafa, masu saukowa na gogar kafaɗarka. Sai ka fito wani dogon zaure mai gangare, mita 47, rufinsa sama da mita 8, wanda shi ne abin mamakin wurin a ganina. Ƙarshensa ɗakin sarki, na jan dutse mai tauri da aka kawo daga Aswan, sama da kilomita 800 a kudu. Babu zane, babu rubutu, babu zinariya, sai akwatin dutse ba murfi, babu kowa a ciki. Akwai zafi da ƙarancin iska ko da sanyi ake yi a waje. Ni da babban yaronmu muka shiga, minti 40 shiga da fita. Mai ciwon baya, mai asma, mai juna biyu, mai tsoron matsatsin wuri, da yaron da zai ce a ɗauke shi, duk su tsaya a waje. A cire rigar sanyi kafin a shiga. Hawa jikin dala daga waje kuma laifi ne a dokarsu.

Masu raƙuma da keken doki su ne inda rai ke ɓaci. Akwai mutanen kirki a cikinsu, akwai kuma masu dabara, kuma dabarun sanannu ne. A ce maka hoto kyauta, yaro ya hau, raƙumi ya miƙe, sai a ce saukowa da kuɗi. A ce ɗari biyu, bayan an gama a ce ai fam ɗin Ingila ake nufi, ko kuma kuɗin mutum ɗaya ne. A ɗora maka rawani a kai a ce kyauta ce, ka taka biyu a biyo ka. Maganinsu ɗaya: kafin kowa ya hau, a yanke jimillar kuɗi, da fam ɗin Masar, na mutum nawa, na minti nawa, zuwa ina da dawowa, ka rubuta adadin a wayarka ka nuna masa, kuma kada ka biya sai kowa ya sauko. In ba ka so, "la, shukran" sau ɗaya ya isa, ka ci gaba da tafiya. A gaya wa yaro ya jingina baya ya riƙe sirdi, don raƙumi da ƙafafun baya yake fara tashi. Dabbar da ka ga ramammiya ko da ciwo a gadon baya, ka wuce ta.

Abul Haul, mai jikin zaki da kan mutum, yana gangaren gabas. Tsawonsa mita 73, tsayinsa 20, daga dutsen wurin aka sassaƙa shi a inda yake. Ana kallonsa daga wani dandamali ta cikin haikalin da ke gefensa. Rabin awa ya ishe shi.

Washegari muka ba Babban Gidan Tarihin Masar, wanda aka buɗe gaba ɗayansa a farkon Nuwamba 2025, kilomita biyu daga dala. Kada a haɗa shi da dala a rana ɗaya idan da yara. Tikitinsa a saya ta intanet tun kafin ranar, don yana da lokacin shiga. Da ka shiga, mutum-mutumin Ramsis na Biyu ne zai tare ka, mita 11, tan 83, wanda ya daɗe a tsaye a gaban tashar jirgin ƙasa ta Alƙahira kafin a ɗauke shi a 2006. Daga nan sai babban matakala mai jere da gumakan sarakuna, a ƙarshensa tagar gilashi da ake hango dala. Akwai lif da matakala mai tafiya da kanta a gefe, akwai kujera mai taya, kuma wannan ne wurin da Hajiya ta fi sakewa a duk tafiyar.

Shawarata a nan: ku wuce kai tsaye zuwa ɗakunan Tutankamun tun yara suna da ƙarfi, sauran ɗakunan su biyo baya. Yaron sarki ne da ya mutu yana da shekara 18 ko 19, kabarinsa kuma Howard Carter ya gano shi a Luksor a 1922 kusan ba a taɓa shi ba. Kayansa sama da 5,000 an haɗa su wuri ɗaya a karon farko: fuskar zinariya mai nauyin kilo 10, akwatin gawa na zallar zinariya kilo 110, karagar mulki, kekunan yaƙi, gadaje. Amma abin da ya riƙe yaranmu ƙananan kayan ne: takalmansa, safar hannunsa, sandunansa, allon wasansa, kwandunan abinci. A wani gini na daban akwai jirgin ruwan Kufu, mita 43, na katakon al'ul daga Labanan, wanda aka samu a 1954 a wargaje gunduwa 1,224 cikin rami a gindin dala, aka haɗa shi. Da igiya aka ɗaure katakansa. Awa huɗu muka yi, da hutun cin abinci a tsakiya, kuma ba mu ga rabin gidan ba.

Sakkara da Dahshur suna kudu, tafiyar kamar awa ɗaya. A Sakkara ake ganin dala mai hawa shida ta sarki Zosar, wadda ta girmi na Giza da kusan shekara ɗari, da kaburburan manyan fada masu zanen noma, kamun kifi da kiwon shanu a bango. Mai kwana bakwai ya je. Mu mun bar su don mu ba cikin gari haƙƙinsa.

Tambayar da kowane Bahaushe ke zuwa da ita ita ce ina gawar Fir'auna. Da yawa suna zuwa tsohon gidan tarihi na Tahrir su tarar babu. Tun 3 ga Afrilu 2021 aka kwashe gawawwakin sarakuna 22, maza 18 da mata 4, zuwa Gidan Tarihin Wayewar Masar da ke Fusɗaɗ. Waɗanda ake nunawa suna ƙarƙashin ƙasa, a ɗakuna masu duhu da sanyi, kowanne a akwatin gilashi da sunansa, hanya ɗaya ce ake bi a jere. Ba a ɗaukar hoto, kuma masu gadi suna sa ido. Akwai Ramsis na Biyu, wanda ya yi mulki shekara 66, gashinsa na nan a kansa, akwai ɗansa Marnabta, da Seti na Ɗaya, da sarauniya Hatshebsut. Masu jagora za su nuna maka Ramsis ko Marnabta su ce shi ne na zamanin Annabi Musa (AS), su kawo aya ta 92 a Suratu Yunus. Ayar gaskiya ce, amma ɗora ta a kan wata gawa takamaimai hasashe ne na masu bincike, babu rubutun da aka samu a jikin ɗayansu da ya yanke hukunci, kuma haka na faɗa wa yara. Autarmu ba mu shiga da ita ba. Fuskokin a buɗe suke, da haƙora da farce, yaron da bai kai bakwai ba yana iya kwana da su a ido. Mahaifiyarta ta zauna da ita a babban zauren sama, muka yi musanya.

Daga nan masallacin Amru bin Asi ba nisa, wanda aka kafa a shekarar 641 zuwa 642, na farko a Masar, ko da yake ginin da ke tsaye yanzu an sha sabunta shi. Kusa da shi unguwar Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, take, da cocin da aka gina a kan ƙofar tsohuwar ganuwar Rumawa. Tashar metro ta Mar Girgis tana bakin ƙofarsu. Metro ɗin yana da arha da sauri, a tsakiyar kowane jirgi akwai tarago na mata kaɗai, amma da safe da bayan la'asar matsi ya yi yawa ga tsohuwa. A wannan yanki na Fusɗaɗ ne mutanen Kanem suka ba da kuɗi aka gina makarantar Ibn Rashiƙ ta Malikiyya a ƙarni na 13, don ɗalibansu da alhazansu.

Tsohon gidan Tahrir, na 1902, har yanzu ya cancanci awa biyu: allon sarki Narmar, akwatin azurfa na sarakunan Tanis, da ɗan gunkin Kufu na hauren giwa, santimita 7.5, siffa ɗaya cikakkiya da ta rage ta mai babbar dala.

Yanzu ga ɓangaren da nake ganin mutanenmu ke tauyewa. Kamfanonin yawo sukan ba tsohuwar Alƙahira ta Musulunci rabin wuni, rabin wannan rabin kuma a kasuwa. Mu kwana biyu muka ba ta, kuma a nan ne yara suka daina kallon tarihin wasu suka fara jin sunayen da suka sani. Mun fara da Ƙal'a, fadar kan dutse da Salahuddin Ayyubi ya fara ginawa a 1176, wadda ta zama mazaunin mulki kusan shekara 700. Kowa masallacin Muhammad Ali yake nufa, mai ƙubbobi irin na Santambul, wanda aka gina tsakanin 1830 da 1848, kuma daga farfajiyar bayansa ana ganin gari duka, har dala idan babu hazo. Amma ka tsallaka zuwa ƙaramin masallacin da ke gabansa, na Sultan Nasir Muhammad, mai ginshiƙai kala-kala da aka kwaso daga tsofaffin gine-gine. Wannan sultan shi ne ya karɓi Mansa Musa na Mali a wannan fada a 1324, a hanyarsa ta aikin Hajji, lokacin da zinariyar da ya rabar ta karya farashinta a kasuwar garin. Daga ƙofar Ƙal'a zuwa sama hawa ne a kan dutse, a tafi a hankali da tsofaffi.

A gindin dutsen masallacin Sultan Hasan yake, na 1356 zuwa 1363, kuma in aka ce in zaɓi gini ɗaya a Alƙahira shi zan zaɓa. Ƙofarsa ta kai mita 38. Za ka bi wani lungu mai duhu mai lanƙwasa, sai kawai ka fito tsakar gida mai haske, da rumfuna huɗu manya, fitilu na reto da dogayen sarƙoƙi. A kusurwoyi huɗun akwai makarantun mazhabobi huɗu, kowacce da ƙofarta da ɗakunan ɗalibanta. Hajiya ta ce, "Ku nuna min ta Malikiyya," muka tsaya a ƙofar ta yi addu'a. Tikiti ɗaya ne da masallacin Rifa'i da ke fuskantarsa, wanda aka kammala a 1912, inda aka binne Sarki Faruk da sarkin Iran na ƙarshe.

Masallacin Ibn Ɗulun, na 876 zuwa 879, shi ne wurin hutun yara. Fili ne mai faɗi, na tubali da farar ƙasa, ba cunkoso, ba mai tallan komai. Hasumiyarsa matakalarta ta waje ta nannaɗe ta. Ana hawa, amma katangar gefen gajeriya ce a sama, ka riƙe hannun yaro. A dukan masallatan nan mata su zo da mayafi, kowa ya sa safa mai kauri don marmara tana da sanyi a hunturu, kuma jakar leda ta zuba takalma tana rage jira a ƙofa.

Rana ta biyu a tsohuwar Alƙahira muka bi titin Mu'izz da ƙafa, daga Babul Futuh na 1087 zuwa Babu Zuwaila na 1092, tafiyar kamar kilomita ɗaya da ta cinye mana safiya. Ka sa mota ta sauke ku a ƙofar arewa ta jira ku a kudu, kada ku yi tafiyar sau biyu. A hanya akwai ginin Sultan Ƙalawun na 1285, da makaranta da kabari da asibitin da ake jinya kyauta. Akwai kuma irin ginin da suke kira sabil-kuttab: ƙasa wurin shan ruwa sadaka, sama makarantar allo ta yara marayu. Na Abdurrahman Katkuda, na 1744, yana tsakiyar mararraba, ana hawa sama a ga ɗakin karatun. A Babu Zuwaila ana hawa hasumiyoyin da ke kan ƙofar, matakalar matsattsiya ce mai duhu, ta manyan yara ce kawai. Bayan ƙofar akwai rufaffiyar kasuwar masu ɗinkin tanti, Kayamiyya, inda aikin hannu ya fi na Kan Kalili, babbar kasuwar 'yan yawon buɗe ido, kyau, ciniki kuma ya fi sauƙi. A Kan Kalili farashin farko ninki biyu ko uku ne, wanda ya saba da Kurmi ko Kwari ba sai an koya masa ba. Takardar bardi, irin wadda Misirawan da ke rubutu a kai, in ta gaske ce, in ka ɗaga ta a haske za ka ga zarurruka a gicciye, kuma tana naɗuwa ba ta karye ba. Ta bogi ta ɓawon ayaba ce. Direban da ya ce zai biya da ku "gidan turare" ko "gidan bardi" kamasho yake nema, awa guda za ta tafi, ka hana tun a mota.

Azahar muka yi a Azhar, wanda Jauhar Siƙilli ya gina tsakanin 970 da 972. A da kowace ƙasa tana da rumfarta ta ɗalibai a jikin masallacin, har da ta Barnawa. Yau ma da wuya ka zauna minti goma a tsakar gidan ba ka ji Hausa ba. Idan kana da ɗan uwa ko ɗan unguwa da ke karatu a can, ka nemi ya raka ku wannan rana, ka kuma sallame shi da abin kirki, don ya bar darasi ne. Masallacin Husaini yana ƙetaren titi, ta hanyar ƙarƙashin ƙasa ake tsallakawa, ƙofar mata daban. Ranar Juma'a wannan yanki ba ya shiguwa da yara, a zaɓi Litinin ko Talata. Gidan Tarihin Fasahar Musulunci da ke Babul Kalƙ kuma ƙarami ne mai natsuwa, awa ɗaya da rabi: fitilun gilashi na zamanin sarakunan Mamluka, tsofaffin Alƙur'anai, mabuɗin Ka'aba, kayan aikin likitoci da na masu duban taurari.

Abinci bai ba mu wahala ba, don rabinsa ɗan gida ne da wani suna. Ɗa'amiyya ƙosai ce ta wani irin wake, mulukiyya miyar lalo ce, karkade zoɓo ne. Koshari, wato shinkafa da taliya da adas (wani irin ƙaramin wake) da soyayyiyar albasa da miyar tumatir, shi ne abincin rana mafi arha da ƙosarwa, a ce kada a zuba wa yara shaɗɗa, yajinsu. Ruwan roba kawai za a sha, a guji ɗanyen ganye da ƙanƙara a shagunan titi, a kuma riƙe sinadarin gishiri da sukari a jaka, don ciki kan juya a kwana na biyu ko na uku. Da hunturu rana na faɗuwa wajen ƙarfe biyar, wuraren tarihi da yawa kuma suna rufewa tsakanin huɗu da biyar, don haka abincin rana mai tsawo yana cinye ziyarar yamma.

Safiyar ƙarshe muka je Ƙarafa, babbar maƙabartar da ke kudu da Ƙal'a. Imam Shafi'i ya rasu a Masar a shekara ta 204 bayan Hijira, ƙubbar da ke kan kabarinsa kuma Sultan Kamil ya gina ta a 1211, ta katako ce an lulluɓe da darma, da ɗan jirgin ruwa na ƙarfe a ƙololuwarta. A wannan maƙabarta Imam Suyuɗi ma yake, wanda ya rasu a 1505, wanda ya aika wa Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas wasiƙar nasiha. An yi ayyukan tituna da gadoji a yankin, hanyoyi sun canja, don haka a je da wanda ya san wurin, da rana, kuma motar ta jira.

Masu sayen littattafai su biya Darbul Atrak, lungun da ke bayan Azhar, ko baje kolin littattafai na ƙarshen Janairu in tafiyar ta dace da shi. A auna kayan a otal, don mujalladi goma na tafsiri sun kusa cinye nauyin jaka guda. Duk wanda ya tallata maka abin da ya ce tsohon kayan kabari ne, ko dai jabu ne ko kuma na gaske ne da fitar da shi ke kai mutum kurkuku a ƙarƙashin dokar 1983, kuma ko tsakuwar da yaro ya tsinto a gindin dala a cire ta daga aljihunsa kafin a rufe jaka. Daga tsakiyar gari zuwa filin jirgi a ba hanya awa ɗaya da rabi, a kuma isa awa uku kafin tashi, don sau biyu ake binciken kaya, kowane fasfo kuma sai an duba shi da fuskar mai shi.